Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Filin Fareti

Wata tara Abdulwanis ya yi yana zarya a barikin sojan da ke bayan garin Alamain kafin a bar shi ya shiga da na'urar neman ƙarfe.

"Zinariya kake nema, Baba?" in ji wani hafsan barikin, yana dariya. "Duk ƙarfen da ka samu na gwamnati ne. Dangwala yatsa a takardar nan."

Ya dangwala.

A tsakiyar filin fareti na'urar ta yi ƙara.

"Tona!" in ji hafsan.

Tsohon ya durƙusa, ya shafa ƙasar. "Salamu alaiki, Mabruka."

Sannan ya ɗago kai. "Matata ce, ranka ya daɗe. Tunda kuka baje maƙabartarmu, ƙarfen da likita ya sa mata a ƙugu kaɗai ya rage min alama. Ga shebur, ɗauki kayan gwamnati."