Ranar da Aka Tsayar da Na'ibi a Bakin Ƙofa

Alhaji Na'ibi mai tsire ya samu takardar zama ɗan ƙasa a Jidda, shi da matarsa Larai, bayan ya shekara da shekaru yana gashi a Bab Makka. Saura ɗansu Rafi'u. A Kano aka haife shi, ya yi wayo kafin a kawo shi, yanzu kuma yana daf da cika shekarun da za a daina lissafa shi a ƙarƙashin ubansa. A ofis aka ce a kawo shi ya amsa tambayoyi da Larabci, da bakinsa. In ya wuce, ya bi iyayensa. In shekarun suka cika bai wuce ba, ya zama baƙo a gidan ubansa.

To jama'a, ga inda ɓarnar take. Tun da yaron ya sauka daga jirgi, uban ya ajiye shi a bayan rumfa cikin ma'aikata Hausawa, yana yanka nama yana tsirewa. Makarantar gwamnati? "Wa zai tsire mini nama?" Wasa da yaran unguwa? "Marasa kunya ne, za su ɓata mini shi." Ko Balarabe ya yi wa yaron magana, kafin ya ɗaga kai uban ya amsa.

Maƙwabcinsu Abdulghani direba, haifaffen Jidda, ya same shi a rumfa, ya kira shi baffa da Larabci.

"Ya ammi, wallahi yaron nan ba ya jin Larabci. Ka ba ni shi ya riƙa bi na a mota, kunnensa zai buɗe."

"Kai da Hausarka ta karye, kai za ka koya wa ɗana magana? Yaron da ya sauke Alƙur'ani? Akwai Larabcin da ya fi wannan?"

"Ba karatu za a sa shi ba, ya ammi. Hira za a yi da shi."

"Halas, magana ta ƙare. Na shiga ofishin nan, na san tambayoyinsu."

Sai ya riƙa zaunar da Rafi'u bayan la'asar yana biya masa amsoshi, kamar yadda malam ke biya wa ɗalibi. Ta farko suna, ta biyu shekaru, ta uku unguwa, ta huɗu sana'a. Yaron ya haddace su a jere, har da rausaya kai.

Larai ta ce, "Alhaji, in suka tambaye shi abin da ba ka biya masa ba fa?"

"Ina tsaye kusa da shi. Tun da ya zo garin nan wa ke yi masa magana in ba ni ba?"

Ranar da suka je ofishin, mai gadi ya sa hannu ya tare ƙofa. "Yaron kaɗai."

Na'ibi ya yi Larabci, ya yi rantsuwa, ya ce shi ɗan ƙasa ne. Mai gadi ya nuna masa benci. Ba a rufe ƙofar duka ba, don haka yana jin kome.

Ma'aikacin da ke yi wa yaron tambayoyin dattijo ne, ba mai tsawa ba. Ya fara da cewa, "Yau ana zafi, ko?"

Rafi'u ya faɗi sunansa da sunan ubansa.

"Madalla. A ina kuke zaune?"

Rafi'u ya faɗi shekarunsa.

Na'ibi ya miƙe, mai gadi ya dube shi, ya koma ya zauna.

Dattijon ya ajiye alƙalami, ya rage murya. "Ɗana, mahaifiyarka tana lafiya?"

Yaron ya waiwayo ƙofa yana neman fuskar ubansa. Da bai hango ta ba, sai ya kama abin da ya fi sani, ya ja sura. Dattijon bai katse shi ba har ya kai ƙarshe, sannan ya sa aka shigo da uban.

"Masha Allah, karatunsa ya fi nawa. Amma bai san abin da nake ce masa ba. In ya faɗi a titi, ba zai iya gaya wa likita inda ke masa ciwo ba. Ka je ka bar shi ya shiga mutane, ku dawo kafin lokacinsa ya wuce."

Kuna tsammani ya ji? A hanya Abdulghani, wanda ya kai su a motarsa, ya ce, "Yalla, kada a ɓata lokaci, gobe ya fara bi na." Na'ibi ya ce a bari hada-hadar aikin hajji ta lafa, mahajjata sun fara sauka, ciniki ya buɗe, ba ya iya rasa hannu a rumfa. Cikin wannan hada-hadar shekarun Rafi'u suka cika.

Bayan hajji aka fara binciken waɗanda suka maƙale ba su koma gida ba. Ran nan aka aiki Rafi'u sayen gawayi. Jami'ai suka tare shi suka nemi iƙama, wato takardar izinin zama. Ya karanta musu amsoshinsa huɗu, a jere, ba kuskure. "Ubana ɗan ƙasa ne, ga rumfarsa can," ba ta cikin abin da aka biya masa.

Na'ibi ya bi asibiti, ya bi gidajen 'yan uwa. Kafin ya gano inda aka kai yaron, an sa shi cikin ayarin da za a fitar daga ƙasar ta jirgin ruwa. Ya isa bakin teku jirgi ya riga ya janye. Ya tsaya yana ta ƙwala bayani da Larabcinsa mai kyau, babu mai sauraro.

Da ya koma gida, Larai ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Alhaji, can inda za su sauke shi, wa zai yi masa magana?"

Jama'a, duk ƙasar da kuka kai ɗanku, ku bar shi ya koyi harshen mutanenta tun da wuri, ya iya yi wa kansa magana. Akwai ƙofar da za a ce ya shiga shi kaɗai, ku kuna benci.