Makon da Lamba ta Koma Ɗaya

"Na gano ciwon," in ji injiniyar, tana nuna wa mudir, wato shugabansu, allon kwamfutar kamfaninsa na filaye. "Kowace rajista da lambarta, kuma in an yi jayayya, mai ƙaramar lamba ke da fili. Bara ƙidayar ta kai maƙura, ta koma ɗaya. Sai wanda ya zo jiya ya riga kakansa zuwa."

"Ikon Allah," in ji mudir, ko gira bai ɗaga ba.

Filaye arba'in da uku aka rubuta a makon da lambar ta juya, duk a kan gonakin mutanen Toukra. Gyaran bai fi layi biyu ba. Tana dannawa, manoman za su karɓi ƙasarsu.

Mudir ya zuba mata shayi da hannunsa, karramawar da babu ma'aikacin da ya taɓa samu.

"Danna mana, 'yata, ai gaskiya ɗaya ce. Amma duba suna na goma sha bakwai a jerin filayen nan tukuna."

Sunan mahaifiyarta ne, da gidan da suka gama yi wa rufin kwano watan jiya.

Ya jawo kujera kusa da ita, ya zauna yana jira.