Ungulu Biyu a Kan Rimin Mahauta

Warin tumbin da rana ta dafa ne ya fi tsaya mini a rai. Ranar kasuwar Kibiya ce, bayan azahar, na kai wa Baba abinci mahauta inda yake fawa. Sai ga malamin ajinmu da waya a hannu. Ya ce akwai manhajar da mutane ke ƙirga tsuntsayen garinsu su tura, shi kuma ungulu ya zo nema.

Ya miƙo mini wayar. "Duk wadda kika gani a kan rimin can, ki danna nan."

Na danna sau biyu. Na ɗaga yatsa ina jira har wuyana ya ƙage. Ga kayan ciki zube a ƙasa, ƙudaje sun rufe su, amma babu abin da ya sauko. Su biyun ma ko motsi ba su yi ba, sun dai zuba mana ido.

Baba ya goge wuƙarsa a jikin buhu. A da, in ji shi, sai ya tsayar da yaro da sanda yana korar ungulu kafin ya iya feɗe akuya. Ya daɗe yana kallon rimin, sannan ya ce, "Malam, tura wa masu manhajar da sauri, don na baya su yarda an yi su."

Malam ya yi dariya. Baba bai yi ba.

A bara na koma mahautar da wayata. Rimin na nan, warin ya ƙaru. Na tsaya har magariba, yatsana a sama.