Abin da Ake Samu a Hannun Tukur

An sake samun ɗan tsako a hannun Tukur, wuyansa a murɗe.

Babansa Iro bai tambaye shi komai ba, takalmi kawai ya cire. Dama tambayar Tukur wahala ce. Yaron yana da i'ina mai tsanani, kafin kalma ɗaya ta fito mai tambaya ya gaji. Ya sha dukansa yana buɗe baki yana rufewa. Uwarsa Sahura ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe. Ƙanwarsa Amira tana zaune kan turmi, tana kallo tana cin ƙuli-ƙuli.

"Dubi ƙanwarka," in ji Iro. "Shekara guda ka ba ta, amma ba a taɓa kawo ƙararta ba."

Gaskiya ne. Duk unguwar tasu a Dogon Dutsi an san haƙurin Amira. Ba ta yi kukan yaye ba. Ranar allurar rigakafi yara suna ta ihu, ita ko ta zuba wa allurar ido har aka zare.

Da abin ya yi yawa, aka kai Tukur garin Ɗan Kassari wurin kakarsa, aka haɗa shi da Amira ko ya koyi hali. Kafin gero ya fid da kai aka tarar da 'ya'yan zabi cikin randa, Tukur tsaye a bakinta, hannunsa jiƙe har kafaɗa. Kaka ta ce doguwa ce ta shafe shi. Aka yi turare, aka yi girkar bori, aka dawo da su.

Baffansu Nasiruddeen ya ce wannan duk shirka ce, a ba shi yaran ya yi wa Tukur ruƙiyya. A gidansa ɗan kyanwa ne ya mutu. Tukur aka gani rungume da shi, hannunsa duk sawun haƙora. Sahura ta wanke ciwon da ruwan gishiri, tana mamakin kyanwa mai faɗin haƙori haka.

Sai aka sa su lakwal, makarantar ƙanana ta mishan, aji ɗaya. Ba a daɗe ba ƙofa ta datse yatsun wata yarinya, kuma Tukur ne riƙe da ƙofar. Malamarsu Madam Félicité ta kira Sahura.

"Maman Amira, na daɗe ina koyar da yara. Akwai wanda kukan wani ba ya taɓa zuciyarsa. Irin wannan, gida ko ƙauye ko lakwal, da halinsa yake tafiya. Canjin wuri ba ya canza shi."

Sahura ta koma gida ba ta ko riƙe hannun ɗanta ba.

Da ta haifi Ibrahim, Tukur ya daina fita wasa. Kullum yana bakin ƙofar ɗaki, idonsa kan jaririn. In an kore shi ya dawo. Sahura ta fara jin tsoron ɗan cikinta.

Wata safiya ta dawo daga famfo ta tarar da shi durƙushe kan Ibrahim, matashi a hannunsa, jaririn yana shessheƙar neman numfashi. Amira tana gefe tana yi wa 'yar tsanarta kitso.

Ranar Sahura ta dake shi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mugu! Ɗan'uwanka? Allah ya isa nonon da ka sha!"

Iro ya yanke magana: Dogon Kiriya, wurin yayansa Habu, ya je ya yi kiwo. Wannan karon shi kaɗai. Ba za a ƙara wahal da Amira saboda shi ba.

Ranar tafiya Iro ya yi sammakon kasuwa. Ibrahim yana barci, tasha kuma ba nisa.

"Amira, kula da ƙanenki, yanzu zan dawo."

"To, Inna."

Tukur ya ƙanƙame ƙyauren ɗaki, sai da Sahura ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ja shi har tasha yana turjewa yana waiwayen gida. Ta tura shi cikin mota, ta damƙa wa direba ƙullin kayansa.

Motar ba ta cika ba. Tukur ya miƙo hannu ta taga ya kama mayafinta, bakinsa yana rawa. Ta so ta fizge. Amma yau za a rabu, sai ta tsaya, karo na farko, ta jira maganar ta fito.

"I-i-inna... ni ƙ-ƙwacewa nake yi. In na t-tafi, wa zai ƙwace Ibrahim daga hannun Amira?"