Kaskon Ƙosaina

"Mai nauyi ko mai faɗin kai?" Ni maigidana, tsohon nan, yake tambaya, ya baje harsasan da ya zuba da hannunsa. Wai farautar zomo za shi da bindigar kakansa, mai mariƙin da ake ja ta ƙasa.

Ku ji mini, a kaskon suyata ya narka darmar! Duk unguwar Sa'alaba ƙosaina take ci, yanzu guba zan sayar?

Na ce, "Alhaji, kaskona."

Ya ce, "Halas, Hajiya, kayan gida ai na kowa ne."

To, na yarda.

Da safe ya nemi bindiga ya rasa. Ya bi ƙarar daka har kicin, ya tarar ina kirɓa attarugu a turmi da gindinta.

Ya ce, "Wane irin kasko kike so?"