Matar Marin ta Takarda

Ginka ta dire tukunyar miyar wake a kan teburin maƙwabtanta, ba ta ko zauna ba ta fara faɗa.

"Marin, ka dawo daga asibiti da ƙafafunka, madalla. To gaya mini, da ba ka dawo ba, ina Rumyana za ta kwana?"

Marin ya ja bargo har wuya, ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Tsohon direban bas ne, kuma a makon jiya zuciyarsa ta yi masa gargaɗi. A asibitin ne wata nas ta tambayi Rumyana, "Ke mece ce tasa?" Da yake babu aure tsakaninta da Marin, aka bar Rumyana a kan benci a waje.

Sun haura shekara talatin tare a gida mai ɗaki uku da iyayen Marin suka bar masa a wani bene a tsakiyar birnin Sofiya. Rumyana ce ta yi jinyar uwarsa, ita ta shafa wa bangon fenti. Sai dai doka ba ta san jinya da fenti ba, takarda ta sani. Takarda kuwa ta ce Marin yana da mata, kuma ranar da ya rufe ido gidan ya zama nata.

Abin ya samo asali ne tun zamanin da ba a barin ɗan ƙauye ya zauna a Sofiya sai da izini, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce auren ɗan gari. Marin yana saurayi ya yi wa wata yarinya wannan alfarma: suka sa hannu, suka sha kofi, kowa ya kama gabansa. Gwamnati ta canza, dokar ta mutu, auren ya yi zamansa. Marin mutum ne da in aka ambaci kotu sai ya sauya zance. Duk lokacin da Rumyana ta tambayi sunan yarinyar, sai ya ce ya manta.

"Ai baiwar Allah ce," in ji Rumyana, tana zuba miya. "Ba ta taɓa zuwa neman ko cokali ba."

"Don ba a miƙa mata ba ne," in ji Ginka. "Ƙawata, ba a ba kura ajiyar nama. Yau tana da kirki, gobe tsufa ya taka mata wuya, ta ga gida kyauta, rana na shiga ta taga. Ni dai ban yarda da ita ba."

Ta zauna a kujerar bakin tagar da ta saba, tana murza gwiwa. Ɗakin hayarta yana can sama ƙarƙashin rufin benen, kuma saukowa daga can ta fi hawan wuya a yanzu.

"To a ina za mu samo ta?" in ji Rumyana. "Alƙali ba ya raba aure sai su biyun sun tsaya gabansa."

"Ku bar mini wannan. Sofiya ba ta yi girman da za ta ɓoye mini mace ba."

Marin ya buɗe ido ɗaya ya dubi Ginka. Ta zuba masa nata biyun har ya mayar da shi ya rufe.

Ginka ce ta dawo ta ce ta samo matar, ita ta nemo lauya, ita ta karɓo ranar zama, ita ta tsaya a kan Marin har ya goge takalminsa. Rumyana kuwa tsoro ya hana ta sukuni. Ta gasa wainar cuku don baƙuwar, ta yi ta bitar kalmomin roƙo a gaban madubi, don ta san matar na da ikon cewa a'a, kuma babu mai ganin laifinta.

Ranar zaman, su ukun suka jeru a kan bencin kotu. Duk tsohuwar da ta ɓullo a baranda sai Rumyana ta miƙe da farantinta, matar ta wuce, ta koma ta zauna.

"Ba za ta zo ba," ta ce. "Da ni ce ma ba zan zo ba. Wa zai yar da gida?"

"Ta kusa fasawa, ba zan ɓoye miki ba," in ji Ginka. "Sam mini wainar nan, tun safe ban sa komai a bakina ba."

Ƙofa ta buɗe, magatakarda ya leƙo. "Marin Docev da matarsa su shigo."

Rumyana ta duba hagu, ta duba dama, babu kowa a barandar.

Ginka ta haɗiye lomarta, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Riƙe mini jakata, Rumyana, in je mijina ya sake ni."