Fistan na Shida

"Buɗe bakinta!" Rahama ta faɗa cikin kuka.

Saifullahi ya zura yatsa a bakin 'yarsu Jannatu, 'yar wata goma. Babu komai sai yawu.

Sati uku ke nan yana haɗa wata 'yar motar ɗaukar kaya ta ado da ya sayo a Parakou. Yau ya zo kan inji. Fistan shida ne na ƙarfe, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Biyar sun shiga. Na shida ya ɓace, ga Jannatu a ƙarƙashin tebur tana tari.

Suka kakkaɓe tabarma, suka share ɗaki. Babu shi.

"Sau nawa na ce ka kwashe tarkacen nan, Baban Jannatu? In wani abu ya same ta..."

Saifullahi ya tada babur. Daga garinsu Sérou har Djougou Rahama salati take yi, yarinya a goye.

A asibiti Jannatu ta ƙi kwanciya a ɗauki hoton cikinta. Dole uban ya rungume ta, aka ɗauka a haka.

Likita ya daɗe yana duba hoton.

"Ga ƙarfen nan."

Rahama ta zube ƙasa.

"Tashi, madam. Cikin 'yarki fes yake. Waɗannan haƙarƙarin na babba ne." Ya dubi Saifullahi. "Malam, in hannunka biyu na aiki, a ina kake riƙe ƙananan kaya?"

Saifullahi ya taɓa leɓensa a hankali.